Yaran Shagona Sun Cika Min Kunne da Rap, Ta Ina Ake Jin Daɗinta?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni tela ne a Zariya, shekarata 54, ina da yara biyar a shago. Da Shata da Ɗanƙwairo da waƙoƙin Indiya na tashi. Su kuwa yaran nan daga safe har dare rap suke sakawa, ta Turanci da ta Hausa. Ni dai surutu kawai nake ji a kan kiɗa ɗaya da ba ya canzawa. Da na hana, sai kowa ya toshe kunnensa da abin sauraro, in na yi magana babu mai ji na. Ƙaraminsu ɗan ƙanwata ne, har tasa yake rubutawa a bayan littafin awo. Shin akwai wani abu a ciki da ni ban ji ba, ko tsufa ne ya kama ni? Haka nake ji game da jaz da kiɗan Turawan nan na goge mai yawa.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ba tsufa ba ne. Ka je kasuwar hatsi ne kana neman shadda, shi ya sa ka ga kamar babu komai a kasuwar.

Kowane irin kiɗa yana da inda yake ajiye daɗinsa. Waƙar Indiya ta fim tana ajiye nata a karin murya, yadda muryar Lata Mangeshkar ko Mohammed Rafi take hawa ta sauka ta lanƙwasa. Kunnenka ya shekara arba'in yana samun abincinsa a can. Da aka sa maka rap, sai ya tafi wurin da ya saba, ya tarar murya ba ta hawa ba ta sauka, ya dawo ya ce maka babu waƙa a nan. Gaskiyarsa, a wurin da ya duba babu. Ita rap tana ajiye kayanta ne a tsakanin magana da bugun kiɗa: inda gaɓar kalma ta faɗo, ko a kan bugu, ko gab da shi, ko bayan ya wuce da ɗan kaɗan. Muryar mai rap ganga ce da ke furta kalmomi.

Kiɗan da ka ce ba ya canzawa kuwa, da gangan aka bar shi haka, kuma akwai tarihi a bayansa. A ranar 11 ga Agusta 1973, a wani gidan haya mai lamba 1520 a titin Sedgwick da ke unguwar Bronx a birnin New York, wani saurayi haifaffen Jamaika mai suna Clive Campbell, wanda aka fi sani da DJ Kool Herc, ya sa faifai a wani ɗan biki da ƙanwarsa ta shirya. Herc ya lura cewa masu rawa sun fi zaburowa a daidai wurin da mawaƙi ya yi shiru, sauran kayan kiɗa suka ja baya, aka bar ganguna zalla. Wurin ba ya wuce 'yan daƙiƙu. Sai ya samo faifai biyu iri ɗaya, ya ɗora kowanne a kan na'urarsa. Wannan na ƙare gaɓar gangunan, sai ya saki wancan, ya mai da na farko baya. Abin daƙiƙa goma ya koma na minti biyar. A kan wannan shimfiɗa ce masu riƙe da makirfo suka fara yi wa jama'a kirari, suna kiran sunayen abokai, suna wasa kansu. Bronx ta wancan lokaci wuri ne da aka ratsa da babbar hanyar mota aka tarwatsa unguwanni, masu hali suka tashi, gidaje suna ta ƙonewa. Yaran da ba su da kuɗin sayen kayan kiɗa sai suka mai da na'urar faifai ta zama abin kiɗa. A 1979 aka fara jin rap a faifan da ya yi kasuwa sosai, a 1982 kuma ƙungiyar Grandmaster Flash ta fitar da "The Message", wadda ta juya akalar abin daga nishaɗin biki zuwa bayanin talauci da ƙuncin unguwa.

To ka ga kiɗan yadi ne, maganar ita ce aikin wuya. Ba wanda zai kawo maka farar shadda ya ce ka yi mata surfani, sannan ya yi ƙorafin cewa shaddar ba ta da zane. Da tana da zane mai yawa ai da aikinka bai fito ba.

Bari mu gwada a shagonka. Ka zauna a kan keken ƙafa, ka cire zare, ka taka feda a hankali kana ƙirga ɗaya, biyu, uku, huɗu, ka sake komawa ɗaya. Wannan huɗun shi ne gida guda. Kusan duk rap a kansa take zaune, kuma baiti ɗaya a al'ada gida 16 ne. In ka saurari abin da yaran suke sakawa za ka ji bugu iri biyu: mai nauyi da ke dukan ƙirji, da mai kaifi kamar tafi. A tsohon salo mai kaifin yana faɗowa ne a kan biyu da huɗu. Shi za ka fara kamawa. Kada ka kula da abin da ake faɗa tukuna, ka dai bi tafin nan da ƙafa har sai ka daina ɓata.

Yanzu ga layi biyu da na ƙaga maka, don na san halin telan da Sallah ta matso:

Zare ya ƙare, mai riga ya tsare ni,
Dare ya tsala, wuta ta ƙi, alkawari ya ɗaure ni.

Ka faɗi kowane layi cikin taku huɗu na feda, ba ƙari ba ragi. Na farko gaɓa 12 ne, zai shiga a sake, har da wurin numfashi. Na biyu gaɓa 17 ne, kuma gidan bai ƙara faɗi ba. Dole ka matse wasu kalmomi, ka ruga da "alkawari", don "ɗaure ni" ta faɗo daidai inda "tsare ni" ta faɗo. Wannan matsewa da sakewa, rugawa da jinkirtawa, ita yaran suke kira fulo, ni kuwa nakan ce zubi. Mutum goma za su faɗi layukan nan a kan bugu ɗaya, kowa da zubinsa. Wani zai riga bugun kamar mai jin haushi, wani zai biyo bayansa a kasalance kamar wanda ba abin da ya dame shi. Lokacin da ka ga yaranka sun ɗaga kai daga keke sun yi ihu tare, yawanci irin wannan wuri ne: mawaƙin ya cusa kaya da yawa a gida ɗaya har ka ce zai zube, sai ya sauka daidai a kan tafi.

Sannan ka duba amsa-amon. A rubutacciyar waƙarmu mun saba jiran ƙafiya a ƙarshen ɗango, kamar yadda take a baitocin Aliyu Namangi na garinku. A layukan nan biyu akwai ta ƙarshe, amma akwai kuma wadda aka ɓoye a ciki: zare, ƙare, tsare, dare, ɗaure. Sau biyar sauti ɗaya ya dawo, a wurare dabam-dabam na gidan. Rap ta farkon shekarun 1980 ƙafiyar ƙarshe ta fi yawa a cikinta. Wani mawaƙi mai suna Rakim, wanda kundin waƙoƙinsa na farko ya fito a 1987, yana cikin waɗanda suka mai da saƙa ƙafiya a tsakiyar layi babbar sana'a, kuma yana yi da murya a kwance ba tare da ihu ba. Daga shi ma'aunin gwaninta ya canza.

Abin da ya sa nake ganin kai za ka fi Baturen da ya tashi da kiɗan coci saurin kama wannan abu shi ne, ka riga ka san shi da wani suna. Ka taɓa tsayawa a filin dambe ka ji ɗan dambe yana kirari, kalangu na amsa masa? Babu rerawa a ciki, magana ce mai bugu, ana jefa ta a numfashi ɗaya. Ka taɓa cin karo da 'yan gambara a kasuwa, ɗaya na jefawa ɗaya na cafewa, suna tsiya suna ba da dariya? Ba banza ba kafofin labarai na Hausa suke kiran rap gambarar zamani. Yabon kai da ke ba dattawa haushi a rap, "ni ne wane, ba kamata", shi ne abin da Narambaɗa da Shata kowannensu ya yi a Bakandamiyarsa, muka kira shi fasaha. Faɗan mawaƙa biyu a faifai, zambo ne da habaici. Shi kansa Shata, in ka saurara da sabon kunne, sau da yawa kiɗan kalangunsa da amshinsa a wuri ɗaya suke tsaye daga farko har ƙarshe. Shi ne yake yawo a kai, ya shigo da wuri, ya jinkirta, ya cusa sunaye biyar inda ake zaton biyu. Ba ka taɓa cewa kalangun ba ya canzawa ba, domin hankalinka na kan bakin Shata.

Sai dai kada mu zarce. Nakan ji wasu suna cewa daga wajenmu aka sace rap. Kama ce, ba gado ba ne kai tsaye. Rap 'yar Bronx ce. Iyayenta su ne salon masu sa faifai na Jamaika da ke magana a kan kiɗa, da wasan ba'a da zage-zagen raha na baƙaƙen fatar Amurka, da salon masu wa'azinsu, da kiɗan fonk irin na James Brown. Ko ɗan dambe Muhammad Ali da ke wasa kansa da ƙafiya kafin ya shiga fili yana cikin wannan zuri'a. Cewa tushen wasu daga cikin waɗannan al'adu yana Afirka ta Yamma gaskiya ne, amma tsakani akwai teku da ɗaruruwan shekaru.

Shawarata ta aiki ita ce ka fara da ta Hausa. A waƙar Indiya rashin jin harshe bai hana ka komai ba, tunda daɗin na cikin murya. A rap kuwa rabin kayan na cikin kalmomi, kuma Turancin da ake yi a ciki na unguwa ne, cike da saye da karin maganar da ko mai digiri a Turanci sai an fassara masa. Akwai masu yi da Hausa da suka san abin da suke yi: Ziriums daga Kano yana cikin na farko-farko, ga ClassiQ, ga B.O.C Madaki daga Bauchi, ga DJ AB daga Kaduna. A Nijar ma ƙungiyoyi irin su Kaidan Gaskiya da Lakal Kaney sun daɗe suna haɗa Hausa da Zabarmanci da Faransanci. Akwai wani abu da za ka ji a rap ta Hausa wanda babu shi a ta Turanci. Harshenmu yana da karin sauti da tsawon wasali, kuma su ke bambanta ma'ana. Mawaƙin da ya murɗe kalma don ta shiga bugu har ta fita daga Hausa, kunnenka zai kama shi nan take, ko da yaran ba su lura ba. A nan kai ne alƙali, ka fi su.

Ka zaɓi waƙa ɗaya tak, ka ji ta sau uku a rana uku. Ranar farko ka bi tafi da ƙafa. Rana ta biyu ka bi murya kamar ganga, kana lura da inda yake numfashi. Rana ta uku ka sa a rubuto maka kalmomin ka bi su da ido. Maimaitawar ba wasa ba ce. A 1968 wani masanin halayyar ɗan Adam, Robert Zajonc na Jami'ar Michigan, ya nuna cewa yawan cin karo da abu kawai yana ƙara wa mutum son sa, ko da kalmomi ne marasa ma'ana ko alamomin rubutun da bai iya karantawa ba. A kiɗa dalilin a fili yake. Daɗi yana zuwa ne lokacin da kunne ya yi hasashen abin da zai biyo baya, sai mawaƙi ya cika masa zato ko ya yi masa wayo. Kiɗan da ba ka san dokarsa ba, ba ka da abin da za ka hasasa, don haka duk abin da gwani ya yi na ban mamaki wucewa zai yi ta gabanka ba ka sani ba. Ka tuna, waƙar Indiyar nan da kake jin kamar da ita aka haife ka, a silima ta shigo ƙasar Hausa, kuma dattawan lokacin kukan banza suka ɗauke ta. Yau ga shi har masu bandiri sun ari karinta suna yabon Annabi da shi.

Akwai maganar da ba zan ɓoye maka ba. Rap mai yawa shara ce. Akwai batsa, akwai zagin mata, akwai kwarzanta ƙwaya da bindiga, kuma kamfanoni sun gano cewa wannan na sayuwa. A Amurka ma an yi ta rigima a kai, shi ya sa tun 1990 ake manna wa faifai tambarin nan baƙi da fari na gargaɗin iyaye. Gane gwanintar mutum bai wajabta maka yarda da abin da ya faɗa ba, kamar yadda za ka yaba ɗinkin riga ka ƙi bari 'yarka ta sa. Shagonka ne, kana da ikon cewa wannan ba za a sa ta a nan ba. Amma hanin wanda ya saurara ya ce "wannan baitin ne ban yarda da shi ba" ya fi shiga kunnen yaro fiye da na wanda ya ce duka hauka ne. (Hukuncin kiɗa a addini kuwa fagen malamai ne, ni a kan sauti kawai nake magana.) Kuma in za a auna abu, a auna shi da gwanayensa. A 2018 an ba mawaƙin rap Kendrick Lamar kyautar Pulitzer ta kiɗa, wata babbar lambar yabo ta Amurka, karo na farko da ta fita daga hannun masu jaz da masu kiɗan gargajiyar Turai. A Senegal, mawaƙan rap na ƙungiyar Keur Gui daga Kaolack suna cikin waɗanda suka kafa gwagwarmayar Y'en a Marre a 2011, suka zaburar da matasa yin rajistar zaɓe, a 2012 kuma shugaban ƙasar na lokacin, Abdoulaye Wade, ya faɗi zaɓe a yunƙurinsa na wa'adi na uku.

Sauran kaɗe-kaɗen da ka ambata, tambayar dai ita ce: ina aka ajiye daɗin? A jaz, wanda ya taso daga New Orleans, ana fara busa karin waƙar kowa ya ji, sannan makaɗa su riƙa karɓa ɗaya bayan ɗaya, kowa yana ƙirƙirar nasa nan take a kan ginshiƙin karin farko, a ƙarshe a dawo gida. In ka riƙe karin farko a ranka kana rera shi a ɓoye, za ka ji yadda mai busa yake nisa da shi yana dawowa. In ka sake shi, sai ka ji kamar kowa na harkar gabansa. Kiɗan Turawa mai goge da yawa kuwa labari ne mai tsawo da ba a yi shi don a ji ana hira ba. Simfoni (wato dogon kiɗa irin wannan) ta biyar ta Beethoven, wadda aka fara kaɗawa a birnin Biyana na Austiriya a 1808, da sauti huɗu ta buɗe, uku gajeru ɗaya dogo, kuma ɓangarenta na farko kusan gaba ɗaya juya waɗannan huɗun ake yi, a ɗaga su, a kifar da su, a miƙa wa wannan kayan kiɗa a karɓe a ba wancan. Wanda ya bi su kamar yadda ake bin mutum a cikin taro ba zai yi barci ba. Ita ma marigayiya Ummu Kulsum, mawaƙiyar Masar, haka take: takan yi sa'a guda a waƙa ɗaya, tana maimaita ɗango guda sau da yawa, kowane karo da sabuwar lanƙwasa, kuma lanƙwasar ce jama'a ke yi wa kabbara. Ka lura kiɗan Sudan da jitar Buzayen Agadas ba su taɓa ba ka wahala ba. Yawancinsu a kan tsanin sauti biyar suke tafiya, irin wanda waƙoƙinmu da dama suke kai, don haka kunnenka ya tarar da 'yan uwa.

Mai yiwuwa ka yi duk wannan ka ga har yanzu rap ba ta kwanta maka ba. Ni ma akwai salon da na fahimta sarai amma ba na sa shi a mota, musamman na yanzu da ake tauna kalmomi har ba a gane su.

Ɗan ƙanwar taka kuwa, ka ce ya kawo littafin awon nan bayan an tashi daga aiki. Kai ka taka feda, shi ya zuba baitinsa a kai. Duk inda ya tsere wa ƙafarka ko ya karya wata kalma don ta shiga, ka tsayar da keke ka ce ya sake. In ya gama, ka sa masa Bakandamiyar Narambaɗa, ka ce ya ƙirga maka gaɓoɓin da ke cikin numfashi ɗaya.